Amsa: Ta yaya ake sanin yawan CO2 ɗin ɗan'adam da teku ke shanyewa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana yawan jin ana cewa teku na shanye kashi ɗaya cikin huɗu na iskar CO2 (kabon dayoksaid, iskar da ke fita in an ƙona mai ko kwal) da mutane ke fitarwa, to wa ya auna, kuma ta yaya za'a iya rabe wanda ya fito daga salansar mota da wanda dama can yana cikin ruwa. Gaskiya ka taɓo inda wahalar take, don ɓangare na biyu na tambayar nan shi ne ya ci wa masana shekaru masu yawa.

Bari in fara ajiye maka adadin tukun. A ƴan shekarun nan ɗan'adam na fitar da CO2 kimanin tan biliyan 40 duk shekara, wajen 37 daga ƙona gawayin kwal da fetur da gas da kuma yin siminti, sauran daga sare dazuzzuka da sauya yadda ake amfani da ƙasa. Teku na ɗauke wajen tan biliyan 10 daga ciki. A rahoton da ƙungiyar masana ta Global Carbon Project ke fitarwa duk shekara, a na 2024 zaka ga sun rubuta kusan tan biliyan 2.9, da ƙari ko ragi na 0.4, kar ka rikice, su nauyin kabon zalla suke lissafawa banda oksijin ɗin da ke manne da shi, in kana son ka mayar da shi CO2 sai ka ninka da 3.67. Da yawa daga cikin gardamar da ake yi kan wannan batu daga nan take tasowa, wannan yana maganar kabon wancan yana maganar CO2 kuma kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai iya lissafi ba. Daga nan duk inda nace tan, kabon zalla nake nufi.

To rabewar fa? Ba'a iya ta kai tsaye, magana ta gaskiya kenan. CO2 ɗin da ya fito daga injin da wanda kifi ya numfasa abu ɗaya ne, babu tambari a jikinsa. Sannan tekun dama cike yake da kabon tun kafin a ƙera injin na farko, akwai wajen tan biliyan 38,000 narke a cikinsa, sama da ninki arba'in na wanda ke sararin sama. Abinda muka ƙara masa tun daga 1850 kimanin biliyan 180 ne, wato ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Kuma ba zaune abin yake ba, duk shekara wajen biliyan 80 na shiga ruwa daga iska, kusan hakan kuma na fita, namu shi ne ɗan rarar da ke tsakani. Kamar ka juye bokiti guda cikin rijiya ne sannan a ce ka nuna wane ruwan ne naka. Bazaka iya nunawa ba, amma in ka san inda ruwan yake kafin ka zuba, kana da ma'auni mai kyau, zaka iya faɗin nawa ya ƙaru. Duk hanyoyin da zan lissafo maka dabaru ne na auna wannan ƙarin.

Mafarin lissafin daga sama yake. Tun 1958 Charles David Keeling ya fara auna CO2 a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai, lokacin yana wajen 315 cikin miliyan, yanzu ya haura 420, kuma ƙanƙarar da aka haƙo a Antaktika ta nuna kafin zamanin masana'antu 280 ne. An san yawan man da aka ƙona saboda ƙasashe na da lissafin abinda suka haƙo da wanda suka sayar. In ka haɗa biyun sai kaga ƙasa da rabin abinda muke fitarwa ne ke zama a sama, kimanin kashi 45. Sauran ya tafi wani wuri, kuma wuraren biyu ne kawai, ko tsirrai da ƙasa ko teku. Wannan lissafin yana da ƙarfi sosai amma nan ya tsaya, baya gaya maka yadda aka raba tsakanin biyun. Ɓangaren tudu kuwa aunawarsa ciwon kai ne, kowane daji da halinsa, kowace shekara da irin ruwan samanta, shi yasa shekaru da dama abinda ake yi shi ne a auna na teku sannan abinda ya rage a jingina wa tudu.

Hanyar da ni na fi ganin girmanta ita ce ta shiga cikin ruwan da kansa. Jirgin bincike zai ɗauki layi guda ya ratsa teku daga wannan gaɓa zuwa waccan, duk bayan ƴan kilomita goma-goma ya tsaya, a saukar da wani keji mai ɗauke da kwalabe 24 ko 36 da igiyar ƙarfe har kusa da ƙasan teku, wani wurin ya fi mita 5,000, in ana jawo shi sama ana rufe kwalaben ɗaya bayan ɗaya a zurfi daban-daban. Kowace kwalba a auna jimillar kabon da ke narke ciki, da oksijin, da gishiri, da sinadaran da tsirran ruwa ke ci irinsu naitiret da fosfet, da kuma ƙarfin ruwan na danne asid. Ana yin haka dare da rana, tafiya ɗaya sai ta ci wata biyu.

Kaga girman matsalar a nan: a kowane kilo na ruwan teku akwai kabon narkakke sama da maikuromol 2,000 (maikuromol wani ɗan ƙaramin ma'auni ne na yawan sinadari), kuma abinda ke ƙaruwa a saman ruwa duk shekara saboda mu wajen 1 ne kacal. Ɗaya cikin dubu biyu. Idan na'urar jirgin Jamus ta ɗan bambanta da ta jirgin Japan to ka rasa abinda kake nema gaba ɗaya. Awon da aka yi a shekarun 1970 ya sha wannan matsalar. Abinda ya gyara lamarin wani abu ne da ba'a cika yabawa ba, Andrew Dickson na cibiyar Scripps a Amurka ya shiga haɗa ruwan teku da aka san adadin kabon ɗinsa daidai yana rarrabawa a kwalabe, kowane jirgi na gwada na'urarsa da shi, sai kuskuren ya sauko zuwa wajen maikuromol 2. Ba don wannan ba da babban zagayen auna tekunan duniya da aka yi a shekarun 1990 bai haifar da abin kirki ba.

Bayan an auna sai aikin cirewa. Ruwan da ke can ƙasa yana da kabon da yawa ba don mu ba, sai don matattun halittu da ke nutsewa suna ruɓewa a hanya. Amma ruɓewa na cin oksijin, kuma a bisa wani rabo da aka sani, to in kaga nawa oksijin ya ragu daga yadda ya kamata ya kasance lokacin da ruwan yake sama, zaka iya lissafa kabon da ruɓewa ta zuba ka cire. Haka ɓawon ƙananan halittu da ke narkewa a zurfi, shi ma yana barin alama a ƙarfin danne asid ɗin nan, a lissafa a cire. Sai a cire wanda ruwan zai ɗauka da ace iskar sama tana nan a 280 ɗinta. Abinda ya yi saura shi ne namu. Peter Brewer ya kawo wannan tunanin a 1978, Nicolas Gruber ya gyara shi a 1996, sannan a 2004 Christopher Sabine da abokan aikinsa suka haɗa awon tashoshi kusan 10,000 suka fitar da adadi: tan biliyan 118, ƙari ko ragi 19, daga 1800 zuwa 1994.

A nan ma akwai wani tarko. Wannan 118 ɗin kashi 48 ne na abinda aka fitar daga man fetur da kwal da siminti a tsawon lokacin, shi yasa wani lokacin zaka ji an ce teku ya shanye rabi. Ba ƙarya bane, abinda aka raba da shi ne ya bambanta, in ka saka sare dazuzzuka a ciki kason zai sauko. Duk sanda kaji kaso ka tambaya kason me, kuma na waɗanne shekaru.

Da aka samu zagaye na biyu abin ya ɗan yi sauƙi, tunda yanzu ba sai ka yi hasashen yadda teku yake a 1800 ba, ka koma layin da aka bi shekara goma baya ka sake aunawa ka ga bambanci. Shirin da ke kula da wannan yanzu sunansa GO-SHIP. Da haka Gruber da mutanensa suka fitar a 2019 cewa tsakanin 1994 da 2007 teku ya ƙara tan biliyan 34, ƙari ko ragi 4, kaga wajen 2.6 kenan a shekara. Kuma awon ya nuna inda kabon ɗin yake, wanda ni a ganina ya fi adadin ma ban sha'awa. Matsakaicin zurfin teku wajen mita 3,700 ne amma kusan rabin kabon ɗinmu yana cikin mita 400 na sama, ɗan kaɗan ne ya wuce mita 1,500. Sai dai a Arewacin Atlantika, kusa da Girinlan, inda ruwa ke yin sanyi ya yi nauyi ya nutse, can kam ya kai ƙasa sosai, yankin kashi 15 ne na faɗin tekunan duniya amma yana riƙe da kusan kashi 23 na kabon ɗin. Ma'anar wannan ita ce abinda ke taƙaita shanyewar ba saman ruwa bane, shi cikin kamar shekara guda yake daidaita da iska, saurin da ruwan sama ke sauka ƙasa wani sabo ya maye gurbinsa shi ne ke riƙe da linzamin, kuma kafin ruwan can ƙasa ya zagayo ana maganar shekaru ɗaruruwa har zuwa dubu.

Tunda tafiyar ruwa ce ginshiƙi, sai aka nemi wasu abubuwan da suke da tambari su nuna hanya. Gwajin bamabaman nukiliya a sararin sama da aka yi ta yi har zuwa yarjejeniyar 1963 ya kusa ninka kabon-14, wani nau'in kabon mai ɗan ƙarin nauyi da ake iya ganewa, da ke cikin iska a arewacin duniya, kuma an bi shi ana gani yana kutsawa cikin teku shekara bayan shekara. Haka iskar CFC da a da ake sakawa a firij da kwandishan, wadda babu ita a duniya sai da aka ƙera ta a masana'anta, duk ruwan da ka samu da ita a ciki to ya taɓa iska a cikin shekarun baya-bayan nan, daga yawanta ma zaka iya ƙiyasta yaushe. In ka san yaushe ruwa ya bar sama, ka san CO2 nawa ne a iska a lokacin, sai ka lissafa abinda ya tafi da shi. Samar Khatiwala ya yi irin wannan a 2009 ya samu wajen biliyan 140 zuwa shekarar 2008, wanda bai yi nisa da na su Sabine ba in ka ƙara shekarun da ke tsakani. Akwai kuma kabon-13, man fetur da kwal daga tsirrai suka samo asali kuma tsirrai sun fi son kabon-12 mara nauyi, don haka hayaƙinmu na da ƙarancin 13, ana ganin rabonsa na raguwa a iska da cikin ruwa. Wannan shi ne mafi kusa da tambarin da kake tambaya, amma a jimlace yake aiki ba ƙwaya-ƙwaya ba.

Matsalar awon cikin ruwa ita ce jinkiri, sai bayan shekara goma kake samun amsa. Masu son su san na bana sai su koma saman ruwa. CO2 na tafiya ne daga inda matsinsa yafi yawa zuwa inda yake da ƙaranci, in na iska ya fi na ruwa sai ya shiga, in na ruwa ya fi sai ya fita. Ana saka na'ura a jiragen dakon kaya da na bincike, tana zuƙo ruwa suna tafiya tana aunawa. Taro Takahashi na cibiyar bincike ta Lamont a Amurka ya shafe rayuwarsa yana tara irin wannan awo, taswirarsa ta 2009 tana da wajen miliyan 3, yanzu kuma rumbun da ake kira SOCAT ya haura miliyan 30. Taswirar na nuna teku ba hali ɗaya gare shi ba, yankin ikweta na Fasifik fitar da CO2 yake yi saboda tsohon ruwa mai kabon na tasowa daga ƙasa ya yi ɗumi, wurare masu sanyi kuma suna sha.

Miliyan 30 ɗin nan kar ya ruɗe ka. Jiragen kaya hanyoyinsu suke bi, tsakanin Turai da Amurka, tsakanin Japan da Amurka, in ka raba teku gida-gida ka duba wata-wata, gidajen da aka taɓa aunawa ko kashi 5 cikin 100 basu kai ba. Ragowar cike giɓi ake yi, a koya wa kwamfuta alaƙar da ke tsakanin CO2 da zafin ruwa da gishiri da launin ruwa da tauraron ɗan'adam ke gani, sai ta yi hasashen inda babu awo. Inda akwai jirage tana yi da kyau, inda babu kuwa tana faɗin abinda ta koya a wani wuri ne. Sannan bambancin matsin kaɗai bai isa ba sai ka san saurin ƙetarawa, wanda ya dogara da ƙarfin iskar da ke kaɗawa, in ta ninka biyu saurin na ninka wajen huɗu, lissafin Rik Wanninkhof na 1992 da ya sabunta a 2014 shi aka fi amfani da shi, kuma da kabon-14 na bam ɗin can aka daidaita shi. A guguwa mai ƙarfi, inda kumfa ke shiga ruwa, awon da ake da shi kaɗan ne don ba mai son tsayawa da jirgi a wurin.

Kuma kuskure ɗan ƙarami a nan yana da tsada, in ka kauce da 1 cikin miliyan a duk faɗin teku amsarka zata kauce da wajen tan biliyan 0.2 a shekara. Shi yasa ake ta muhawara kan abinda zaka ɗauka wasa ne, wato fatar ruwa. Bututun jirgi na zuƙo ruwa daga ƴan mitoci ƙasa, ya ɗan yi ɗumi a hanyarsa ta ɗakin injin, alhali musayar na faruwa ne a saman da kaurinsa bai kai milimita ba, wanda yafi na ƙasansa sanyi da ƙasa da rabin digiri. Ruwan sanyi yafi shan iska. Andrew Watson da abokan aikinsa sun nuna a 2020 cewa in aka gyara wannan adadin zai iya ƙaruwa da wajen biliyan 0.8 a shekara, wasu na ganin gyaran bai kai haka ba, har yanzu ana kai. Sai kuma koguna. Suna kwaso kabon daga tudu su zuba a teku, wani ɓangare ya fita ta iska, wannan tun kafin mu yake faruwa, ma'ana asalin teku ɗan fitarwa yake yi ba sifili yake ba. To in awonka ya nuna yana shan 2, aikin da ya yi mana ya fi 2, sai ka ƙara abinda da zai fitar. Adadin da ake ƙarawa yanzu wajen 0.65 ne, a baya an yi amfani da 0.45 da 0.78, kaga wannan kaɗai ya isa ya motsa amsar.

Akwai wata hanya da bata taɓa ruwa ko kaɗan, kuma tana burge ni saboda wayon da ke cikinta. Ralph Keeling, ɗan wancan Keeling ɗin, shi ya ɓullo da ita wajen ƙarshen shekarun 1980, yana auna oksijin ɗin iska. Ƙona mai na cin oksijin, a matsakaici wajen 1.4 kan kowane CO2 ɗaya da ya fito, gas yafi ci kwal bai kai ba. In tsiro ya sha CO2 yana mayar da oksijin wajen 1.1. Amma in teku ya sha, narkewa ce kawai da haɗuwar sinadarai, babu oksijin da ke dawowa. To ka san nawa ya kamata oksijin ya ragu saboda man da aka ƙona, ka auna nawa ya ragu a zahiri, giɓin da ke tsakani aikin tsirrai ne, daga nan ka san na tudu, abinda ya rage na teku ne. Wahalar ita ce raguwar wajen 4 cikin miliyan ce a shekara a cikin iskar da kashi 21 ɗinta oksijin ne (kar ka damu, ba ƙarewa zai yi ba), kuma teku da ke ɗumama yana sakin nasa oksijin ɗin, dole a yi gyaran wannan. Duk da haka amsar da take bayarwa tana faɗawa cikin layin sauran.

Sai na ƙarshe, tekun kwamfuta. A gina lissafin yadda ruwa ke gudana da sinadaransa da halittunsa, a bashi iska da zafin da aka auna a zahiri, a ɗaga masa CO2 na sama kamar yadda tarihi ya nuna, a ga nawa zai sha. Amfaninsa shi ne babu giɓi, kuma zaka iya gudanar da shi sau biyu, da hayaƙinmu da babu, ka ga bambanci, wanda a duniyar gaske bazai yiwu ba. Rauninsa kuma in bai iya nutsar da ruwa daidai ba a wurare irin Arewacin Atlantika to komai zai karkace. Adadin 2.9 da na baka a sama matsakaici ne tsakanin irin waɗannan da kuma na awon saman ruwa.

Inda ake rigima a yanzu ba akan ko kwata bane ko ba kwata ba. Tun farkon shekarun 2000 lissafin awon saman ruwa na nuna shanyewar na ƙaruwa da sauri fiye da yadda na kwamfuta ke nunawa, har tazarar ta kai wajen rabin biliyan a shekara ko fiye, kuma babban ɓangaren saɓanin a Tekun Kudu yake, wanda ya kewaye Antaktika. Shi kaɗai yana ɗaukar wajen kashi 40 na abinda tekunan duniya ke sha, kuma shi ne wanda aka fi ƙarancin awonsa, musamman a hunturu lokacin da igiyar ruwa da duhu ke korar jirage. Tarihin bincikensa ma kai-komo ne. A 2007 Corinne Le Quéré ta nuna shansa ya yi rauni, a 2015 Peter Landschützer ya nuna ya farfaɗo, da aka zuba na'urori masu nutso da kansu irin na Argo masu auna asid ɗin ruwa sai sakamakon 2018 ya nuna yana fitar da CO2 a hunturu fiye da yadda ake zato, sannan awon da aka yi da jiragen sama aka fitar a 2021 ya nuna a'a, yana sha sosai. A 2019 wani jirgin ruwa mara matuƙi na Saildrone ya kewaye Antaktika cikin kwana 196 yana awo, irin wannan ake buƙata da yawa. Ni dai in an tambaye ni, na fi jingina da awon cikin ruwa da na oksijin wajen sanin jimilla ta shekaru goma, na saman ruwa kuma ina kallonsa da taka-tsantsan in ana maganar ko bana ta fi bara. Hawa da sauka na shekara-shekara gaskiya ne, El Nino, wato ɗumamar da ruwan ikwetan Fasifik ke yi duk bayan ƴan shekaru, na rage fitarwar da ikwetan Fasifik ke yi, aman dutsen Pinatubo na Filifin a 1991 ya sanyaya ruwa na ɗan lokaci, amma girman kowanne ba'a kama shi daidai kamar jimillar ba.

Wani abu da mutane ke yawan ɗauka shi ne ƙananan tsirran teku ne ke cinye hayaƙin namu. Suna aiki babba wajen tura kabon ƙasa, amma sun daɗe suna yinsa kuma abinda ke hana su yawaita ba rashin kabon bane, rashin naitiret da fosfet da ƙarfe da haske ne, ƙara musu CO2 baya sa su ƙara ci sosai. Shanyewar da muke magana a kai kusan duka sinadarai ne da tafiyar ruwa. CO2 in ya shiga yana haɗuwa da ruwa da wani sinadari narkakke da ake kira kabonet ya koma wani da ake kira bayikabonet, wanda shi ne wajen kashi 90 na kabon ɗin teku, CO2 ɗin da ya rage a yadda yake bai kai kashi 1 ba, shi yasa ruwan gishiri ke iya ɗaukar abinda ruwan daɗi bazai iya ba.

To amma kabonet ɗin da ke wannan aikin cinye shi ake yi. Roger Revelle da Hans Suess sun lura da haka tun 1957, in CO2 na iska ya ƙaru da kashi 10, kabon ɗin saman ruwa da wajen kashi 1 kawai yake ƙaruwa, kuma wannan rabon na ƙara lalacewa yayin da ake ƙara zubawa. Alamar tana nan a awon da ake yi wata-wata kusa da Hawai da Bamuda tun 1988, ma'aunin pH na saman teku (wanda ke sauka in asid ya ƙaru) ya sauko daga wajen 8.2 kafin zamanin masana'antu zuwa wajen 8.1, wanda ke nufin asid ɗin ya ƙaru da kusan kashi 30, abinda ke wahalar da murjani da masu ɓawo. A shekarun 1960 teku na shan wajen biliyan 1 a shekara, yanzu kusan 3, ya bi hayaƙin namu yana hawa shi yasa kason ya tsaya kusa da kwata. Rahoton IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na 2021 ya nuna in fitarwar ta ci gaba da hawa, yawan tan da teku da tudu ke sha zai ƙaru amma kasonsu zai ragu, saboda wannan raunin sinadaran da kuma ɗumamar da ke sa ruwan sama ya ƙi cakuɗuwa da na ƙasa.